Saura Aljihu

Duk telan da ya ce maka bai taɓa saɓa alkawari ba, ka haɗa wannan ma cikin ƙaryarsa. Ni tela ne ɗan tela, kuma ba a keke na yi suna ba, a allura ne: aikin hannu na babbar riga, irin wanda mutum zai sunkuya a kai wata uku kafin ya ɗago. Na saɓa wa ango, na saɓa wa mai suna, na saɓa wa liman ana gobe Salla. Duk sun zage ni sun huce, ni ma na manta da su. Mutum ɗaya ne na kasa mantawa, shi kuwa ko zagina bai yi ba.

Kafin yaƙin basasa a Inugu nake zaune da matata, ɗaki biyu a bayan masallacin 'yan shanu. Da rikici ya tashi muka gudu arewa kamar kowa. Da aka ce yaƙi ya ƙare an buɗe hanya, na ce mata mu koma. Ta ce ita kam ta gama da kudu, abin da ta gani a tashar jirgin ƙasa ya ishe ta har ta mutu. Yanzu ban ga laifinta ba. A lokacin kuwa na hau, don ni mutum ne mai saurin hawa, na ce to ta zauna. Ta zauna ɗin.

A Inugu na tarar da wasu mutane a ɗakunanmu, ba wanda ya san ni. Na gangara Anacha, na yi 'yan watanni a kasuwar Ose cikin 'yan albasa ina ɗinke musu buhuna da yagaggun taguwoyi, har ni kaina na koma warin albasa. Nan na ji ana ta labarin kuɗin mai a Fatakwal, wai har mai gadi yana sa shadda. Na ɗaure allurai na da almakashi na tafi.

Ba ƙarya aka yi ba. Na sami wani ɗan shago a Mile 2, Diobu, wanda in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa, na sa benci ɗaya a gaba. Aiki ya yi mini yawa. 'Yan kwangila, dillalan shanu, 'yan canji, kowa yana son aska takwas a ƙirjinsa. Abin da babu shi ne abokin hira. Tsofaffin da na sani, wasu sun mutu, wasu sun ƙi dawowa. Waɗanda suka cika unguwa sababbi ne, kowa sauri yake, in ya gaishe ka idonsa na kan agogo. In an yi la'asar masu iyali su nufi gida, ni in zauna ina kallon ruwan Fatakwal, wanda in ya fara zuba ba ya tuna ya tsaya. Kaɗaici ya ci ni a shekarun nan, ba zan ɓoye ba. Akwai ranar da zan wuni ban yi magana da kowa ba sai ta awo.

Dole in bayyana wata ƙa'ida ta sana'armu, don a kanta na faɗi. Tsakanin tela da mai kaya ba a faɗin ranar gaskiya. In mutum ya ce maka bikinsa Juma'a mai zuwa ne, to Juma'a ta sama ce ko wadda ke bayanta. Shi ya san za ka makara, shi ya sa ya rage. Kai ka san ya rage, sai ka ƙara. A tsakiya ake haɗuwa, a yi 'yar hayaniya, riga ta fito. Haka na tarar ubana yana yi, kuma ban taɓa ganin an fasa biki saboda haka ba.

Wata Asabar bayan azahar sai ga wani kuku da na ɗan sani, mutumin kudancin Zariya, Kirista, mai Hausa garau, ya tsaya a ƙofata da wani Bature a bayansa. Dogo ne ƙwarai, sai da ya rusuna kafin ya leƙo. Ya manyanta, gashinsa ya yi fari, wuyansa ja kamar an dafa. Kafin ya zo kaina ya riga ya ba maƙwabcina mai gyaran rediyo hannu, ya ba mai gasa ayaba hannu, har wani da ya tsaya fakewa ruwa bai tsira ba.

Kuku ya ce, “Malam, maigidana ne, mutumin Amurka. Ya ga babbar riga jikin wani Alhaji a ofis, ya ce shi ma sai ya yi.”

Na nuna masa aikin keke, don na ɗauka Bature ba zai bambance ba. Ya girgiza kai, ya sa yatsa a kan wadda ke cinyata. Sai da na hau benci kafin na auna kafaɗarsa, mai gasa ayaba tana ta dariya. Ya zaɓi farar shadda da zare ruwan ƙasa. Ya tambayi yaushe za a gama, na ce wata uku. Kuku ya kawar da kai yana murmushi.

Asabar ta zagayo sai ga shi, wai ya zo ganin inda aka kai. Raina ya ɓaci, don ba abin da na tsana kamar a tsaya mini a ka ina aiki. Na nuna masa zanen da na yi da tawada, na jira ya tafi. Bai tafi ba. Ya zauna a bencina, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa, ya yi awa biyu. Asabar ta gaba ma haka. Na ba shi goro don in kore shi, ya tauna, ya yamutsa fuska, ya haɗiye, ya nemi ƙari.

Da farko kuku ke yi mana tafinta. Daga baya ya riƙa ajiye shi ya wuce cefane, mu kuma mu yi ta fama, ni da guntun Turancin kasuwa, shi da hannu da haƙuri. A haka na haɗa labarinsa kaɗan-kaɗan. Ubansa yana da kantin kayan noma a wani ƙaramin gari mai sanyi: garma, ƙusa, famfon ruwa. Shi ya gaji kantin, ya buɗe wasu a garuruwan kusa. Da yake kowane manomi a yankin ya taɓa tsayawa gaban teburinsa, sai suka tura shi majalisar dokokin jiharsu, ya yi shekaru da dama suna sake zaɓensa. Abin da ya fi alfahari da shi wata gada ce. Wai akwai kogin da in ya cika yake raba yaran ƙauye da makaranta, ya yi ta naci a majalisa har abokansa suka riƙa gudunsa a hanya, ƙarshe aka gina. Ya zana mini gadar nan da allin awona a jikin benci ya fi sau biyar.

Sai wani saurayi mai iya magana a talabijin ya kayar da shi. Shekara na zagayowa matarsa ta rasu. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a nesa. Wani abokinsa ya ce masa ana haƙar mai a Nijeriya, ana neman bututu da famfo, shi ne ya tattaro ya zo. Yana zaune wajen Rumuokoro a wani gida mai shinge, cikin Turawa samari waɗanda ba su da hira sai ta giya da ranar hutu. Ya ce mini abin da ya fi yi masa ciwo bayan faɗuwa zaɓe ba kujerar ba ce, wayar gidansa ce da ta daina ƙara. Na ce masa ni ban taɓa mallakar waya ba, amma na san wannan shirun.

Lokacin soja ke mulki, ba mai ƙuri'ar da zai ba kowa. Duk da haka mutumin nan in ya shigo layinmu sai ka ce yaƙin zaɓe ya fito. Ya san sunan 'yar mai ayaba, ya san ƙafar mai rediyo na ciwo. Na ce masa, “Oga, nobody fit vote you for here o. Ka huta.” Ya yi dariya ya ce hannun ne ya saba, ba ya jin magana.

Rana ɗaya muka ɓata. Ya tambaye ni matata, abin da ba wanda ya tambaye ni tun da na zo garin. Na faɗa masa a taƙaice. Ya ce in rubuta mata wasiƙa. Na ajiye allura na ce ya kula da bututunsa, ni ban shiga maganar gidansa ba. Ya tashi ya tafi. Satin nan duk na yi shi ina jin haushin kaina. Asabar na yi sai ga shi da ƙullin goro, shi ya sayo da kansa, an cuce shi an ba shi busasshe. Na ci haka nan.

Wata uku ya zama biyar. Na gama tambarin baya, na gama askakin gaba, na gama wuya. Aikin ya yi kyau, ban taɓa yin kamarsa ba, kuma ban sake ba. Abin da ya rage bakin aljihu ne kawai, aikin wuni ɗaya. A nan na tsaya. In ya zo sai in ɗauko rigar in yi 'yan soke-soke a gabansa, in ya tafi in ninke in ɗauki ta wani. Ya tambaya in ce, “Saura aljihu.” Har ya iya faɗa da bakinsa, yana shigowa zai riga ni: “Saura aljihu.” Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji. Na san ran da na miƙa masa rigar nan ba shi da sauran dalilin zuwa Diobu, ni kuma in koma kallon ruwa. Duk satina a kan Asabar ɗin nan yake rataye.

Sai wata rana ya zo da kuku, alamar magana ce da yake so in ji sosai. Saurayin da ya kayar da shi ya bar kujerar ya nemi ta gaba. Tsofaffin abokansa sun rubuto ya koma ya sake tsayawa, kuma ya amsa. Jirginsa Laraba ta sama. Ya ce ran da zai tara mutanen garinsu a gaban kantin ubansa ya faɗa musu ya dawo, da rigar nan yake so ya fito. Wai suna ta cewa baƙin ciki ne ya kore shi daga gari. Yana so su gani da idonsu cewa inda ya je ya yi aboki, har abokin ya zauna wata da watanni yana yi masa aiki da hannunsa.

Na ji daɗin maganar, na kuma ji kamar an zare mini wani abu a ciki. Amma kunnen tela ne ya karɓi ranar. Laraba ta sama, na ƙara sati biyu a raina, na ga ina da sauran Asabar uku ko huɗu.

Kuku ya dawo shi kaɗai da yamma. Ya ce, “Malam, wannan fa ba Alhaji ba ne. In ya ce Laraba, Laraba ce. Na ga tikitin da idona.”

Na ce, “Kai da tukunya aka san ka. Yau kuma sana'ata za ka koya mini?”

“Ni dai na faɗa maka.”

“Na ji. Ko da gaske ne, wa ka taɓa gani ya yi tafiya ya bar rigarsa wurin tela? Na ga wanda ya tsayar da motar shanu kwana biyu saboda wando.”

Ya dube ni kawai ya tafi. Har ga Allah na yarda da abin da na faɗa. Kuma na so in yarda, wannan ma gaskiya ne.

Asabar ta ƙarshe Baturen ya zo da wuri. Ya tarar da rigar wani ɗan kwangila a cinyata, tasa tana ninke a kan akwati. Wannan karon bai riga ni faɗa ba, ni na ce, “Saura aljihu.” Ya daɗe yana kallon rigar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Da ya ɗaga murya kamar yadda mutanenmu ke yi, da na gane ranar ta zo, don mu da hayaniya muke gane ranar gaskiya. Sai kawai ya ce yana gida har safiyar Laraba. Ya bi layi ya ba kowa hannu, ya dawo ya kama nawa da hannu biyu ya riƙe.

Kullum in zai tafi nakan raka shi har bakin titi inda motarsa ke tsayawa. Ran nan ban tashi ba. Allura na bakina, na ce masa, “Sai Asabar.” In na raka shi, na yarda ke nan sallama ce, ni kuwa ban yarda ba. Ina zaune na ga bayansa ya sha kwana wajen mai rediyo.

Laraba ta wuce ina aikin ɗan kwangila. Asabar na share benci, na sayi goro mai kyau, na jira har aka kira magariba. Ran Lahadi na ɗauki rigar da sassafe, kafin azahar na gama aljihun. Na kai aka buge ta ta yi sheƙi, na naɗe a takarda, Litinin na shiga tasi zuwa Rumuokoro. A hanya har ina shirya tsiyar da zan yi masa.

Na tarar da ƙofar gidan a buɗe, kuku yana jera tukwane a kwali. Ya dubi ƙullin da ke hannuna, ya jira na zauna.

Ya ce, “Ran Laraba tun da gari ya waye yake tsaye a bakin get yana duban hanya. Duk tasin da ta rage gudu sai ya matsa. A akwatinsa ya bar wuri a sama, ya hana ni sa komai. Direba ya yi ta hon. Da ya ga lokaci ya ƙure, ya ce in kawo tawul biyu in cike wurin kada kaya su yi ta yawo.”

Na tambaya ko ya bar mini saƙo. Ya miƙo mini wani ɗan kati mai adireshi. Ya ce in na kai rigar gidan waya a satin nan za ta iya isa kafin taron nasa, shi zai raka ni ya cike takardu.

Na karɓi katin. Ban aika ba.

Na ba kuku dalilai iri-iri: danshi zai ɓata shaddar, za a murƙushe bugun, kaya na ɓata a hanya. Dalilin gaskiya shi ne wanda ya sa na tsaya a aljihu tun farko. Baturen ya taɓa ce mini yana da sauran harka a Fatakwal, wata rana zai leƙo. In rigar na wurinsa, zai iya zuwa garin ya koma bai tako Diobu ba. In tana wurina, dole ya zo. Wato kuskuren da na yi sau ɗaya na sake yin sa da idona biyu. Kuku ya gaji da yi mini magana ya bari.

Damina biyu ta wuce. Kuku ya sami aiki a wani otal, mukan haɗu jefi-jefi. Wata la'asar sai ga shi da ambulan, ya zauna a bencin, daidai inda allin gadar nan ya daɗe da gogewa. 'Yar mutumin ce ta rubuto masa. Ya karanta yana juya mini da Hausa. Ubanta ya ci zaɓen. Ya koma majalisa ya yi shekara ɗaya da wani abu, sai zuciya ta buga masa a kantinsa, ya rasu. Tana bin mutanen da ke cikin littafin adireshinsa tana sanar da su.

Kuku ya tsaya, ya ce, “Akwai naka a ƙasa.”

Ta ce ubanta ya dami kowa da labarin wata riga. A wurin taro, a majalisa, a teburin cin abinci, sai ya ce yana da aboki a Nijeriya wanda ba wanda ya kai shi iya allura, yana yi masa riga, bai gama ba tukuna don irin wannan aiki ba a yi masa gaggawa. In majalisa ta tafi dogon hutu zai je ya karɓo. Wasu har sun ɗauka ƙirƙira ya yi. Tana so ta sani ko akwai rigar da gaske, kuma ko an gama. In an gama, a ba wanda ta yi wa daidai.

Na tashi na shiga shago kamar zan ɗauko wani abu, na tsaya ina kallon bango. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini kamar ran nan ba. Mutumin da na hana rigarsa, shi ne ya yi ta kare ni a gaban mutanen da ba su ma san ni ba.

Da na fito kuku ya ciro biro. Ya ce, “Me zan ce mata?”

Na ce, “Ka ce akwai. Ka ce an gama.”

“In ta tambayi yaushe fa?”

“Ka rubuta mata tun yanzu. Kwana huɗu bayan tashinsa. Ka ce aikin wuni ɗaya ne ya rage, ni na riƙe.”

Ya ce ba sai an sa wannan ba. Na ce ya sa. A iya sanina, ranar nan ce kaɗai a duk shekaruna na sana'a da na ba wani ranar gaskiya. Ba ta sake rubutowa ba, ban kuma ga laifinta ba.

Rigar tana nan a akwatina. In damina ta ɗauke nakan fito da ita in shanya saboda danshin garin nan. Na taɓa sa ta sau ɗaya, ta ja ƙasa, hannuwana suka ɓace a ciki, na cire na ninke. Tun daga lokacin duk dogon mutumin da ya rusuna ya shigo shagona sai na auna shi da ido. Har yau ban sami wanda ta yi wa daidai ba. Gaskiya ban nema sosai ba.